Ɗan Nijar a Watanda Biyu

Daga ɗakina ba a fid da ni ba, allon zanga-zanga ban ɗauka ba, kuma na koma gida da nama leda biyu. Ga ƙarshen nan na ba ku tun yanzu, kada wani ya riƙe numfashi a banza. Ni na riƙe nawa a ranar har sai da kunnuwana suka ɗau zafi.

A Greensboro ne, can Amurka, 1983, ina karatun noman rani da bursu ta gwamnatinmu, wato tallafin karatu. Ni kaɗai ne ɗan Nijar da na sani a garin kaf. Sunana ma ba wanda ya damu da shi, "ɗan Nijar" kawai ake ce mini, in an so tsokana a ce "ɗan Faransa". Ina zaune a gabashin gari, cikin wani gidan katako mai baranda, tsakanin coci da shagon aski, ni da samari 'yan Najeriya. Hausa muke yi, tuwon semo muke tuƙawa, rediyo ɗaya muke saurare. In ba don ina cewa lakwal su suna cewa makaranta ba, ba ka raba mu.

Babban gidan shi ne wanda muke kira Shugaba, Bazazzagi, yana digirinsa na uku a kan siyasa, kuma shi ke jan ƙungiyar ɗaliban Afirka. Da sunansa aka kama hayar gidan. Motar ma tasa ce, wata doguwar tsohuwa mai ƙofa da wurin kaya a baya, launin kunun gyaɗa, in ta tashi duk layin sai ya sani. A garin nan in ba ka da mota ba ka da ƙafa. Kanti, masallacin Juma'a, gonar gwajin da nake aikin karatuna a bayan gari, duk a motar Shugaba nake zuwa. Mutumin kirki ne wallahi, amma in ya hau magana a kan 'yan mulkin mallaka, jijiyar wuyansa har tashi take yi.

Ɗakina shi ne na bakin ƙofa, tagarsa na kallon titi. Ba wanda ya so shi. Sanyi ta nan yake shigowa, duk mai ƙwanƙwasawa ni nake fara ji, masu wa'azin coci ne, mai gida ne, ɗan maye ne da ya ɓata hanya. Mutum ɗaya ne ya taɓa kwaɗayin ɗakin nan ban da ni, wani ɗalibi daga can ƙetaren hamada da muke kira Kwamared. Yana da injin hannu na buga takardun siyasa, yana son wurin ajiye shi kusa da kampus, don mai gidan da yake haya ya ba shi wa'adi bayan wasu mutane masu kwat, da alama jami'an tsaro ne, sun zo sun yi ta tambaya a kansa. Shugaba na rungumar Kwamared a wurin taro, su ɗaga hannu tare. Amma na lura in ya zo gidanmu, a baranda ake tare shi, a nan ake ba shi shayi, a nan ake sallama. Matar Shugaba tana Zariya tana jiran biza, shi kuma saura masa kare digiri.

To, a daminar shekarar nan sai sojojin Faransa suka sauka Chadi, don tare na Libiya da ke gangarowa daga arewa. Gidanmu ya kama da wuta. Kullum da yamma ana kewaye rediyo mai gajeren zango, Shugaba na tsaki. Ya ce za a fita zanga-zanga bayan Babbar Sallah, kuma ni zan tsaya a gaba, in riƙe allo, in yi jawabi da Faransanci, don a ga ɗan ƙasar da Faransa ta mallaka da bakinsa yana cewa su fita.

Na yi dariya, na ce Shugaba a bari a gani.

Ku duba taswira ku ga inda Allah ya ajiye mu. Sama Libiya, gefe Chadi da yaƙinta, ƙasa Najeriya. Teku a littafi kawai muke ganinsa. Fetur ɗinmu, simintinmu, atamfar da innata ke ɗaurawa, goron da babana ke sayarwa a Damagaram, duk ta Najeriya suke shigowa. Ita kuma a farkon shekarar nan ta kori baƙi, kawuna ya dawo a bayan babbar mota da tabarma da buta. Ba ka faɗa da maƙwabci irin wannan, ba ka kuma sakin jiki da shi. Faransa tana da nisa, ta ci mu ta ƙoshi, wannan ba sai Shugaba ya koya mini ba, amma ita ke da jiragen yaƙi. Yayana kuma soja ne, an kai shi wani bariki cikin rairayi can arewa, wajen iyaka. Duk ranar da rediyo ya ce an tsayar da tankokin Libiya a Chadi, ni barci nake yi mai daɗi. Ga bursu: in hotona ya fito da allo a hannu, ofishin jakadancinmu ba ya buƙatar tafinta kafin ya yanke ta.

Akwai wasu kuma da ke ja na. Ɗaliban ƙasashen Faransanci, 'yan Senegal da Kodebuwa da Mali, suna zaune can kan titin High Point Road a gidajen bene. Babbansu muna ce masa Garan, wato babban yaya, mutum mai turare da taye ko ran Asabar. Ya ce mini akwai gado a falonsa duk ranar da 'yan Najeriya suka ishe ni, abu ɗaya kawai yake so, in tashi a taron ƙungiya in ce mu maƙwabtan Chadi muna maraba da sojojin Faransa. Shi ma na ce masa dakor, wato to, a bari a gani. Gidansa yana da nisa da kampus, kuma ƙarshen shekara zai gama ya tafi abinsa. In ya tafi, ni da wa?

Ana cikin haka Sallah ta matso, aka fara maganar watanda. Ga wanda bai sani ba: a haɗu a sayi saniya, a yanka, a kasa naman kashi-kashi daidai, kowa ya ɗau nasa. Ba layya ba ce, nama ne kawai na cika firiza, don naman kanti ba ma cin sa da daɗin rai. Manomi ɗaya ne a yankin ya yarda mu yi yanka irin namu a gonarsa, can Pleasant Garden, kudu da gari. Alhaji ne ya samo shi, dattijo Bakatsine da ke aiki a wani asibiti, maƙwabcin manomin. Shi ke yanka, shi ke kasawa, shi kowa ke gaya wa kashi nawa yake so.

'Yan gidanmu suka tsai da saniyarsu ran Asabar. Su Garan suka tsai da tasu ran Lahadi. Ni kuma na samu Alhaji bayan Juma'a na ce masa, Baba, a sa mini rabin kashi a ta Asabar, rabin kashi a ta Lahadi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce rabi da rabi ai ɗaya ke nan, me ya hana in haɗa wuri guda? Na ce Baba, ƙasarmu ma haka take yi. Ya yi murmushi. Har gobe ban ga aibin dabarar nan ba. A wurinmu shiga watandar mutane ba nama ne kawai ba, cewa ka yi ni naku ne. Na ce wa kowa ni nasa ne, rabi-rabi, kuma ba ƙarya na yi ba.

Abin da ban sani ba, manomin ba ya taɓa wuƙa ran Lahadi, ba ya bari a taɓa a gonarsa. Coci yake zuwa. Sai ya ce wa Alhaji duk su zo Asabar.

Mun iso da hantsi, mun baro titin kwalta mun bi ta jar ƙasa tsakanin gonakin taba. Ina kujerar baya ina waƙa, ina tsokanar wani ɗan Sakkwato da ke tsoron jini. Muna karyo kwana sai na hango ƙaramar motar Garan a gindin wata babbar bishiya, da wasu biyu a bayanta. Shanu biyu a ɗaure. Nan take na yanke waƙar.

Aka gaisa sama-sama. Shugaba ya ce wa Garan barka da Sallah da Turanci, Garan ya amsa da Faransanci, kowa ya ja mutanensa gefe. Garan ya hango ni ya ɗaga gira, na yi kamar ina ɗaure takalmi. Manomin yana jingine da shinge yana taunar taba, yana kallonmu kamar talabijin. Na zagaya na samu Alhaji yana wasa wuƙa, na ce masa a hankali ko za a iya mantawa da rabin kashi ɗaya. Ya ce an riga an sayi saniya da lissafina a ciki, kuma shi bai taɓa cin kashin wani ba, ba zai fara da nawa ba.

Aka yanka, aka feɗe, rana ta take. Zafin garin nan na ƙarshen damina mai ɗanko ne, riga na manne maka a baya. Na yi ta aiki kamar an aiko ni, in riƙe ƙafa a nan, in wanke hanji a can, don kada wani ya samu sararin yi mini magana. Aka shimfiɗa manyan ledoji biyu a inuwa, aka kasa nama: tsoka, ƙashi, hanta, tumbi, kitse, kowane kashi da rabonsa. A gefen kowace leda akwai wani ɗan ƙaramin kashi. Ni kaɗai na san duk biyun na mutum ɗaya ne, ni da Alhaji.

Yadda muke rabo shi ne, mutum ɗaya ya juya baya, Alhaji ya taɓa kashi da sanda ya ce wannan fa, mai juya bayan ya kira suna. Ba zaɓe, ba ƙorafi. Na rabi shi ake bari ƙarshe. Shugaba ya juya wa namu baya, ya yi ta kira, har aka zo kan ƙaramin ya ce na ɗan Nijar ne, aka yi dariya, wani ya ce ƙaramar ƙasa ƙaramin kashi. Na kwashe a leda ina washe baki.

Sai aka koma ɗaya shimfiɗar. 'Yan gidanmu ba su tafi ba, suna tsaye suna wanke hannu, suna kallo. Garan ya gyara tayensa ya juya baya. Alhaji na taɓawa yana kira, kashi na raguwa, ni kuma ina lissafin nisan da ke tsakanin gonar nan da gari, babu bas, babu tasi, sai karnukan mutane. Sandar ta sauka kan ƙaramin.

"Wannan fa?"

"Na ƙaninmu ɗan Nijar," in ji Garan, da Hausarsa ta kasuwa da ya koya a Abidjan, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Ba a barin kashi a ƙasa in an kira ka, wulaƙanci ne ga duk waɗanda kuka haɗa. Na taka, leda ɗaya a hannun hagu, na durƙusa na kwashe na biyun da dama. Hanta tana zamewa, sai da na bi ta. Da na miƙe, Shugaba yana kallona, ruwa na ɗiga daga yatsunsa.

Bai yi hayaniya ba, da ma ya yi. Ya juya ya tafi mota, ya buɗe baya, aka loda nama da kan saniya da ƙafafu. Jakata ta makaranta tana kujerar baya, ya ɗauko ta ya ajiye a kan ciyawa, a hankali, kamar ƙwai. Ya ce wa sauran su shiga. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, motarsa ta mutanen da suka san ɓangarensu ce, gidansa ma haka, in na samu wanda ya kawo ni gari in zo in kwashe kayana kafin ƙarshen wata.

Garan ya matso yana ƙamshi, ya dafa kafaɗata. Ya ce akwai wuri a motarsa, gadon falo na nan, taron ƙungiya kuma Laraba ne, ya san zan yi magana mai kyau. Na dubi motar tasa, mutum huɗu a ciki da nama a cinya. Na dubi Alhaji, yana goge wuƙa da ciyawa kamar ba ya wurin. Na ce wa Garan marsi, na gode, ya ba ni minti ɗaya.

Shugaba ya riga ya ta da mota. Na je tagarsa da ledojina biyu, jini na ɗiga a kan takalmina. Na ce masa yayana yana bakin iyaka, in tankokin nan suka wuce Chadi shi za su fara tararwa. Ya ce kowa yana da ɗan'uwa a wani wuri, da haka Turawa suka raba mu suka ci. Na ce bursuna fa. Ya ce bursu ta sojojin da ke mulkin ƙasarmu ce, waɗanda Faransa ke riƙe wa kujera. Na ce ku da kuka loda kawuna a mota a farkon shekara, yau ku ne masu koya mini 'yan'uwantaka? Wannan ta shige shi, na ga muƙamuƙinsa ya motsa, amma sai ya sa giya. Motar ta fara mirginawa, ina bin ta a gefe, samarin da ke ciki kowa ya sunkuyar da kai.

Sai na ce, "Shugaba, in na tashi, wa zai shiga ɗakin bakin ƙofa?"

Ya taka birki.

Duk wanda ke cikin motar ya san hayar gidan ba ta ɗaukuwa in ɗaki ɗaya ya zama fanko, ya kuma san mutum ɗaya ne ke jiran ɗakin da injinsa a kwali. Shugaba ba zai iya ce wa Kwamared a'a ba, bayan duk rungumar da aka yi a gaban jama'a. Ba zai kuma iya kwana da injin nan a ƙarƙashin rufinsa ba, masu kwat na ƙwanƙwasa ƙofar da ke da sunansa, matarsa na layin biza. Ni ne nake tsakaninsa da wannan, ni da katifata da sanyin tagata.

Injin mota na ta kaɗawa. Manomin ya tofar da taba. Ɗan Sakkwaton nan ya yi tari. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, na dai san naman ya yi mini nauyi, kuma na ƙi ajiyewa, don in na ajiye ɗaya za a ce na zaɓa.

Shugaba ya kashe motar. Ya ce, yana kallon gaba, ba zan riƙe allo ba, ya ji. Amma ran Laraba ba zan buɗe baki a taro ba, ko tari ne in fita waje in yi. Kuma ba zan ƙara kwana ko yini a High Point Road ba sai an gama zanga-zanga. Na ce na yarda da na farko, na biyun kuwa akwai wanda ke ba ni aron littattafan Faransanci a can, zan riƙa zuwa da rana. Ya ce da rana kawai.

"Ɗauko jakarka," ya ce. "Baya za ka zauna, kai da kan saniya."

Na koma wurin Garan na gaya masa ran Laraba maƙogwarona zai yi ciwo. Ya cire hannunsa daga aljihu, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ku 'yan Nijar kullum ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can. Na ce Garan, kai ƙasarka tana da teku. Bai yi dariya ba. Ya daɗe bai ƙara kirana ƙaninsa ba, turarensa ma da yake fesa mini in za mu fita ya daina. Wannan shi ne farashin da na biya, kuma ya yi mini ciwo, don mutumin ya taɓa kai ni asibiti cikin dusar ƙanƙara.

Alhaji ya zo wucewa da butarsa, ya ce mini a kunne baɗi in Allah ya kai mu in fara tambayar wace rana manomi ke zuwa coci.

Na hau bayan mota, na zauna a kan taya, kan saniya na kallona da ido ɗaya, harshe a waje. Ledojina biyu na rungume a ƙirji. Muka hau kwalta. Ni kuwa wani daɗi ne ke taso mini tun daga ciki, ina danne shi, ina cije leɓe, don in Shugaba ya hango haƙorana a madubi zai iya sake tunani. Sai da muka shigo gari, muka tsaya a danja, ɗan Sakkwato ya waiwayo ya ce ɗan Nijar, wanne ya fi kitse, na Najeriya ko na Faransa? Na ce sai na soya. Motar ta fashe da dariya, Shugaba ya yi tsaki, amma kafaɗarsa tana rawa.

Ran Laraba na zauna a kujerar ƙarshe bakina gum. Garan ya waiwayo sau ɗaya, Shugaba bai waiwayo ba sam. Ran zanga-zanga suka fita da allunansu, ni na zauna gida na yi musu farfesu da naman ledojin biyu a tukunya ɗaya, suka dawo da yunwa suka cinye, ba wanda ya tambayi fasfo ɗin tsoka. Kwamared ma ya ci, a baranda. Bursuna ba a taɓa ta ba. Matar Shugaba ta iso lokacin sanyi, ta ƙofar da ke jikin ɗakina ta shigo, ni na ɗaukar mata akwati. Labarin yayana kuwa sai bayan watanni ya zo, ta bakin wani direba da ya gaya wa babana ya gan shi a Agadas, ya rame, yana neman sigari.

Na zauna a ɗakin nan har na gama karatu. Tagar ba a taɓa gyara ta ba.

In kun karanta, don Allah ku tura wa wasu su ma su karanta.